Huɗun Dabo da Huɗun Jirgi

A cikin Hausawan da ke zaune daga Mitchellville zuwa Landover har Gaithersburg, babu wanda bai san Injiniya Dabo ba, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya yi kewarsa ba. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu da ake gyara wa gefe kamar da ma'auni. Ɗan Kazaure ne, ya zo karatu a 1986 ya zauna. Shekara ashirin ya yi yana saita danjar kan titi a ofishin hanyoyi na wata ƙaramar hukuma a Maryland. Shi ke yanke daƙiƙa nawa ja za ta tsayar da mutane, daƙiƙa nawa kore za ta sake su. Aiki ne na kirki, ba wanda ya ce a'a. Illar kawai, mutumin da ya saba tsayar da mota dubu da maɓalli ɗaya yakan dawo gida yana ganin 'yan'uwansa ma motoci ne.

Abin taƙamarsa a duniya ɗaya ne. Ba gidansa na jan bulo ba, ba 'yarsa Tayyiba da ta karanci haɗa magunguna ba. Cewa yake tun ranar da ya sa ƙafa a ƙasar nan bai taɓa makara ba, ko da minti ɗaya, ko a wurin aiki ko a masallaci ko wajen likitan haƙori. Yakan faɗi haka a suna, ya faɗa a walima, har a zaman makoki na ji ya faɗa, yana buga gilashin agogonsa da farce.

"Mutanenmu ba talauci ke damunsu ba," in ji shi. "Lokaci ne ba su sani ba."

Da aka naɗa shi sakataren ƙungiyarmu a 2003, sai ya ƙirƙiro abin da ya kira magani. Idan taro ƙarfe huɗu ne, sai ya rubuta ƙarfe biyu a takardar gayyata. Shekarar farko maganin ya ci. Da ya iya riƙe bakinsa da ya ci gaba da ci, amma Dabo ba ya iya yin wayo a ɓoye, sai an gani an yaba. Shi da kansa ya tsaya a wani bikin sallah, da farantin shinkafa a hannu, ya bayyana wa jama'a yadda yake yaudararsu. Daga ranar kowa ya koyi lissafin. In Dabo ya rubuta biyu, huɗu yake nufi. In ya ce sha ɗaya, ɗaya ce. Ana ce masa agogon Dabo, har yaran da aka haifa a nan, waɗanda ake yi wa Hausa su amsa da Turanci, sun san a ƙara awa biyu.

Shi kuma bai daina ba. Ya rubuta biyu, mu zo huɗu daidai, ya tsaya a bakin ƙofa yana girgiza kai yana cewa, "Kun gani ko? Sai an yi musu ƙarya." Na daɗe ina kallon fuskarsa a irin wannan lokaci, ban taɓa ganin ɓacin rai a cikinta ba. Daɗi nake gani. Da a ce wata rana Hausawan Maryland duka sun wayi gari masu kiyaye lokaci, da Dabo ya zama wani dattijo kawai mai gyaran danja. Makararmu ita ce rawaninsa, yana tsine mata yana kuma ba ta ruwa kada ta mutu.

A gida ma haka. Agogon kicin yana gaba da minti ashirin, na falo da rabin awa, na ɗakin Tayyiba lokacin tana makaranta da minti arba'in. Guda ɗaya ne bai taɓa ba, wato ɗan agogon nan mai kiran salla da ke kan kanta, don ko Dabo yana tsoron ya sa iyalinsa su yi Azahar kafin rana ta karkata. Matarsa Hajiya Mairo, mace mai ƙarancin magana da ke aiki a gidan rainon yara, da wannan agogon kaɗai take rayuwa. Sauran ta ɗauke su kayan ado.

Sai kuma Dakta Zulkifilu, likitan ƙoda, wanda gidansa ke bayan layin su Dabo, tafiyar minti uku a mota. A 2008 ya zo taron shugabannin ƙungiya, irin ƙaramin taron nan na mutum shida da ake sa lokacinsa na gaskiya, ya makara da minti bakwai saboda wani majinyaci. Dabo ya murza mukulli, ya bar shi a waje cikin sanyi yana ƙwanƙwasawa. Daktan bai yi faɗa ba. Dariya ya yi, ya ci gaba da gaishe shi da fara'a, abin da Dabo bai taɓa yafe masa ba.

A shekarar 2013 auren Dabo da Mairo ya cika shekara talatin. Tayyiba ta yanka musu tikitin jirgin ruwan shaƙatawa, irin manyan nan masu hawa goma sha wani abu, wanda zai tashi daga tashar Baltimore ya yi mako guda a teku. Ita ma za ta bi su. Mairo ce ta taɓa cewa, sau ɗaya tak, tana son ta ga wurin da babu ƙasa ta kowane gefe. Dabo bai ji ba, 'yar ta ji.

Teku bai dami Dabo ba. Abin da ya kama zuciyarsa layi biyu ne a jikin tikitin: jirgi zai tashi ranar Lahadi ƙarfe huɗu, ana rufe ƙofar shiga ƙarfe biyu da rabi. Ga jarrabawar da ya yi shekara ashirin da bakwai yana jira.

Mako uku ya yi yana lissafi. Lahadi biyu a jere ya tuƙa mota daga ƙofar gidansa zuwa bakin tashar yana auna minti. Ya gwada babbar hanya ta 95, ya gwada ta 295. Ya gano ranar akwai wasan ƙwallo da yamma a filin da ke kusa da tashar, cunkoso zai fara daga ɗaya da rabi. Ya sa mintocin layin motoci a ƙofar tasha, inda fasinja dubu biyu ke sauke kaya wasu dubu biyu na ɗauka. Ya sa na miƙa akwati, ya sa na duba fasfo. Abin da ya fito shi ne a bar gida sha ɗaya da minti arba'in, a isa sha biyu da talatin da ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, lissafin ya yi kyau. Babu kuskure ko ɗaya a cikinsa.

Kyan nasa ne ya kashe shi. Ya dubi takardar a kwamfuta, layi-layi da launi-launi, ya ga asara ce a ce shi kaɗai zai gan ta. Ya buga kwafi ashirin, ya raba bayan sallar Juma'a. A saman ya ƙara layi guda: rakiya da addu'a, sha ɗaya da minti ashirin da biyar, addu'a minti goma. Ba Hajji za shi ba, yawon shan iska ne na kwana bakwai, amma yana son mutane su tsaya a ƙofar gidansa su ga yadda mai ilimi ke tashi kan daƙiƙa. Kwafin farko Dakta Zulkifilu ya miƙa wa. Na biyu ya ba Abdul-Jalil, wani Bahaushen Kumasi da ke Landover, mai motar bas da yake jigilar mutane zuwa filin jirgi, wanda shi zai kai su tashar. Motarsa shi kuwa ya kai ta wajen makaniki tun Asabar, wai kada mako guda ya wuce tana zaune ba a yi mata komai ba.

Ranar Lahadi da ƙarfe tara na agogon salla, Tayyiba ta iso daga Gaithersburg. Ta durƙusa ta gaida uban, ta ce da Hausarta mai ɗan tsalle, "Baba, mu tafi yanzu kawai. Mota na da wuri. In mun je da wuri mu zauna mu sha shayi."

"Ƙarfe tara?" Dabo ya yi murmushin tausayi. "Uwata, mai zuwa awa uku kafin lokaci shi ma bai san lokaci ba. Tsoro ne ke tuƙa shi. Mai hankali kan lokaci yake zuwa, ba gaba ba baya."

Mairo ta fito da mayafinta da jakarta, fasfo a hannu. Ta tsaya ta dubi takardar da ke manne a jikin firji.

"Alhaji, wannan da ka raba wa mutane, ka gaya musu ta gaskiya ce?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ina da ta ƙarya ne?"

Shekara talatin sun koya mata inda magana ke ƙarewa.

"To, shi ke nan. Ni zan bi yarinya, ka san ƙafata ba ta son tsayuwar layi. Sai ka iso."

"Ku je ku yi ta gadin benci," ya ce. "Sha biyu da talatin da ɗaya za ku gan ni."

Suka tafi. Ya sa farar shadda da hula, ya fito da akwatinsa bakin gareji tun sha ɗaya da minti ashirin, ya tsaya yana kallon titi.

Sha ɗaya da ashirin da biyar, babu kowa. Bai damu ba, har ya ɗan ji daɗin nan da ya saba ji. Sha ɗaya da arba'in, babu bas. Sha ɗaya da arba'in da biyar ya kira Abdul-Jalil, wanda ke ce masa Masa, wato maigida a bakin mutanen Gana.

"Masa Alhaji! Kana lafiya?"

"Kana ina?"

"Ina Dulles, na zo ɗaukan wani mama daga Accra. Jirginshi ya sauka yanzu-yanzu."

"Dulles? Ƙarfe nawa na rubuta maka?"

"Sha ɗaya da arba'in, Masa. Takarda na nan gabana. Ɗaya da arba'in zan tsaya ƙofarka, ba zan makara ba ko kaɗan. Na san halinka sosai paa."

"Sha ɗaya da arba'in na rubuta!"

"Eh mana, shi na ce. Agogonka ne ai."

Dabo ya katse kiran. Daga filin jirgin Dulles zuwa gidansa a Mitchellville, da tsohuwa da akwatunanta da za a sauke a hanya, shi ya fi kowa sanin minti nawa ne.

Har yanzu da sauran dama, kuma dama mai yawa. Tafiyar minti uku daga inda yake tsaye, Dakta Zulkifilu na zaune a gida, ba ya aiki ranar Lahadi, motoci biyu a ƙofarsa. Dabo ya nemo lambarsa a waya. Ya dube ta. Abin da zai faɗa gajere ne: Dakta, taimake ni, zan makara. Ya gwada kalmomin a bakinsa ba sauti, ya ji ba za su fita ba. Ya tuna ƙwanƙwasar ƙofar nan ta 2008, ya tuna dariyar da ta biyo baya, ya ga irin fara'ar da za a yi masa a mota daga nan har Baltimore. Ya fasa kiran.

Maimakon haka ya kira wani kamfanin tasi. Wata mata ta ce masa minti ashirin. Ya yarda, don a addinin Dabo minti ashirin na Ba'amurke minti ashirin ne. Bayan rabin awa ya sake kira, aka ce direba na hanya. Bayan awa ɗaya aka ce direban ya ɗauki wani, amma ga wani nan, minti ashirin. Mairo ta kira sau biyu, bai ɗauka ba. Ya yi Azahar a tsaye-tsaye, kunnensa na titi.

Ɗaya da minti ashirin da biyar, motoci suka fara shigowa layin, ɗaya bayan ɗaya. Dakta Zulkifilu a gaba, sai Malam Hayatudeen, dattijon da ke ja mana salla, sai sauran, mutum goma sha huɗu cikin manyan riguna. Babu wanda ya makara da ko minti ɗaya. Shekara goma Dabo ya yi yana horar da su, ga shi horon ya kama, sun zo cif a kan lokacin da ya koya musu.

Aka shiga gaisuwa. Ina wuni, ina gajiya, yaya shirye-shirye, ina Hajiya. Dakta ya lura da gumin da ya jiƙa wuyan shaddar, ya lura da akwatin da rana ta gasa. Ya matso ya rage murya, don Allah ya sani mutumin kirki ne.

"Injiniya, ba dai mun yi kuskure ba? In takardar nan lokacinta na gaskiya ne, ka shiga motata yanzu, a yi addu'ar a hanya."

Saura awa ɗaya da minti biyu a rufe ƙofa. Da ya shiga motar a wannan daƙiƙa, da ƙyar da addu'a, da ya isa. Mutum goma sha uku na kallonsa. Dabo ya buga gilashin agogonsa da farce.

"Haba Dakta. Yau ka san ni? Akwai lokaci."

Malam Hayatudeen ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Malam ba ya gaggawa da Ubangiji. Ya roƙa wa matafiya tsari daga sharrin ruwa da na iska da na abin da ke cikin ruwa. Ya roƙa wa iyayenmu da suka rigaye mu, ya roƙa wa Najeriya da Nijar da Gana zaman lafiya, ya dawo kan yaranmu da ba sa jin Hausa. Dabo na cewa amin da ƙarfi tun kafin a kai ƙarshen jimla, ko Malam zai gane. Malam ya ɗauka shauƙi ne, ya ƙara. Minti goma aka rubuta, aka yi sha takwas. Bas ɗin Abdul-Jalil ta iso ana tsaka, ɗaya da arba'in daidai, shi ma ya kashe inji ya fito ya ɗaga hannu.

Sai musabaha, mutum goma sha huɗu, kowa da saƙon gaisuwa ga Hajiya. Biyu saura minti takwas bas ta bar layin, Dabo na ɗaga musu hannu ta taga da murmushin wanda komai ke tafiya bisa tsari. Suna shan kwana ya juyo.

"Taka ta! Don girman Allah taka ta!"

"Masa, kai ka ce akwai lokaci."

Sauran labarin yana cikin takardarsa tun mako uku da suka wuce. Cunkoson 'yan kallon ƙwallo ya fara daidai inda ya ce zai fara, a daidai lokacin da ya ce. Motoci da tutoci, mutane sun shafa fenti a fuska suna daga cikin mota suna ihu. Dabo na zaune yana kallon lissafinsa na tabbata layi bayan layi. A kusa da tashar wata danja ta riƙe su daƙiƙa casa'in, ya ƙirga su da bakinsa, ya ce wanda ya saita ta jahili ne.

Uku saura minti shida suka tsaya. Jirgin na nan, fari fat, ya fi duk ginin da ke kusa tsawo. Filin da ɗazu ke cike da dubban mutane ya zama wayam. Wata ma'aikaciya mai suna Irene a rubuce a ƙirjinta ta tare shi da ladabi, ta ce an rufe, an miƙa sunayen fasinja, babu abin da za ta iya. Ya ce mata jirgin ai ga shi nan, sai huɗu zai tashi. Ya ce shi injiniya ne. Ya zaro takardar mai launi ya nuna mata, ta duba da gaske, ta ce tsari ne mai kyau ƙwarai, da an bi shi. Sannan ta faɗa masa abin da shi ya saba faɗa wa mutane, da murya mai taushi fiye da tasa: lokaci lokaci ne.

Wayarsa ta yi ƙara. Wannan karon ya ɗauka.

"Alhaji, kana ina?"

"Ina ƙasa. Sun rufe. Ku sauko."

Yana jin kiɗa da hayaniyar mutane a bayanta.

"Mairo, kina ji na? Na ce ku sauko, a sake shiri."

"Ina ji. Kaya sun riga sun shiga ɗaki, Alhaji. Yarinya kuma ta ɗauki hutu. Akwai miya a firiza, na rubuta ranaku a jikin robobin. Maganin hawan jininka ƙarfe takwas. Ka duba agogon salla na kan kanta, kada ka bi na kicin."

Ƙarfe huɗu daidai jirgin ya yi ƙaho ya ja baya daga gaɓa. Dabo ya dubi agogonsa, don hannu ya saba. Ko daƙiƙa ba su ƙara ba. Abdul-Jalil ya ce ya ga kamar zai yaba musu, sai ya fasa.

A hanyar dawowa ya roƙi direban ya rufa masa asiri, Abdul-Jalil ya rantse. Dabo ya shiga gida ya saki labule, ya yi kwana bakwai ba ya kunna fitilar waje, ba ya ɗaukar wayar gida, Juma'a ma can wani masallaci mai nisa ya je inda ba Bahaushe. Wahalar banza. Kafin Magaribar ranar Lahadin labari ya kai Gaithersburg. Mako guda muna wucewa ta ƙofar gidan muna rage gudu, muna ganin labule na motsi. Ranar Laraba wani ya ajiye kular tuwo da miyar kuka a bakin ƙofa, ya danna ƙararrawa ya tafi. Babu suna a jiki, amma kular gidan Dakta ce, kuma an mayar da ita a wanke.

Mairo ta dawo ta yi ɗan duhu, da hotuna fiye da ɗari, ita da 'yarta da ruwa ta kowane gefe. Washegari ta hau kujera ta sauke agogon kicin da na falo, ta saita su da na kan kanta, ta mayar. Yana zaune yana kallo.

Har yanzu shi ne sakatare, don babu mai son aikin. Ya daina ƙara awa biyu, ya kuma daina ba da tarihin shekarunsa na rashin makara. Sai dai jama'a ba su san da wanne za su yi aiki ba. Duk sanda ya tashi a ƙarshen taro ya ce zama na gaba ƙarfe huɗu ne, sai wani daga baya ya ɗaga hannu, da ladabi, fuska ba dariya.

"Injiniya, a gafarce ni. Huɗun taka, ko huɗun jirgi?"

Dabo yakan tattara takardunsa, ya daidaita gefensu a kan tebur, ba ya ɗaga kai.

"Ta jirgi," yake cewa.